Bahon Jego Kan Ƙasa Mai Laushi

A gidanmu na Kamarawa, in sanyi ya shigo, kakata Inna Ige takan hura wuta da karan dawa bayan magariba, mu kewaye ta muna gasa gyaɗa. Duk tatsuniyoyinta ina so, ban da guda ɗaya mai tayar mini da zuciya.

Wai wani falke ne ya yi arziki, ya ce shi ya wuce wanka a tsugune. Ya sa aka kafa masa gadon itace a bayan ɗaki, aka ɗora ƙatuwar randa da zai riƙa shiga ciki. Masu aikin suka zaɓi kusurwar da ƙasa ta fi laushi, don haƙa ba wuya. Ya jijjiga randar ba ruwa a ciki, ya ce ta zauna daram.

"Ran da anka cika ta da ruwan zahi, yash shiga," in ji Inna tana toshe hanci, "sai ƙasa tab buɗe. Ashe tsohuwar salga ta, ɗiyana! Har wuya, tsutsa na bin gemu nai."

Mukan yi ta tofar da yawu, ita kuwa tana dariya. "In za ku kahwa abu, ku tambayi tsohhin gida mi anka taɓa yi wurin."

Na girma, na yi aure, muka kama haya a Isa. Cikina na fari ya tsufa sai mijina Lawwali ya dawo daga Maraɗi da ƙaton bahon ƙarfe, wai a ciki zan yi wankan jego. Ya kira kafinta aka yi dandamalin katako a kusurwar tsakar gida, daidai inda kabewa ke yaɗo shar ba mai ba ta ruwa. Ina ganin kabewar nan na tuna salgar falke, ga shi har miyarta mun sha.

"Malam, ba ni hawa sai ka tambayi mai gidan ga."

"Ke dai tsoro gare ki. Katakon ga ko raƙumi ya hau ba ya motsi." Ya hau yana tsalle, baho kuwa ba ko ɗigo.

"To a cika shi, ka hwara shiga."

Aka cika, ya shiga yana yi mini gwalo. Katakon bai karye ba, gaskiyarsa. Ƙafafun baya ne suka nutse, baho ya tuntsure da shi cikin baƙin ramin tsohuwar salga, wari ya kori har kajin maƙwabta. Na dafe cikina ina amai, ina tuna cewa ni aka shirya wa wurin nan, da ɗanyen jiki.

A da ina jin Inna don ta hana mu cin gyaɗa take wannan ƙazamar tatsuniya. Allah ya jiƙanta. Jegona a tsugune na yi shi, da ganyen darbejiya. Itacen da aka tara mini kuwa, rabinsa a dafa ruwan wanke Lawwali ya ƙare.