Ranar da Muka Yabi Motar Insfekta

Shekarar da aka tura ni koyarwa a wani ƙauye arewa da Filinge, damina ta riga ta ƙi zuwa sau biyu ko uku, ya danganta da wanda ka tambaya. Na fito daga makarantar horon malamai da takardar shaida da akwatin ƙarfe da tsoro mai yawa. Ba a tabbatar da ni a aiki ba tukuna. Sai insfekta ya zo ya zauna a bayan aji ya ga na ba da darasi. In ya gamsu ya sa hannu, in bai gamsu ba in koma shagon ɗinkin babana, inda kowa ya san ko maɓalli ban iya ɗorawa daidai ba. An riga an gaya mini darasin da zai duba: siffantawa, wato yaro ya dubi abu ya faɗi kamanninsa da Faransanci, in da hali ya mai da shi waƙe.

Littafin da aka ba mu cike yake da waƙoƙin ƙanƙara mai sauka kamar auduga. Yaran sukan haddace su tsaf, su rera da ƙarfi, ba tare da sun tambaye ni komai ba, abin da na gode musu a kai, don ni ma ban taɓa ganinta ba. Amma a wurin horo an ce mu fara da abin da yaro ya sani. Saboda haka na rubuta a allo cewa kowa ya siffanta wata dabba ta gidansu.

Abin da suka kawo mini ya dame ni. Akuyar wannan mummuna ce, ga ƙazuwa. Tunkiyar wancan ta tsufa, ba ta da amfani. Wani ya ce jakinsu ido ɗaya gare shi. Da yamma na bi ta ƙofar gidansu don in tabbatar, na tarar da jakin da idanu biyu lafiyayyu. Na yanke cewa, mai yiwuwa, kalmomin yabo ne ba su sani ba. Na kwashe kwanaki ina koya musu yadda ake cewa kyakkyawa da santsi da sheƙi da ƙarfi. Suka koya, suka ƙi amfani da su.

Yarinya ɗaya ce ta bi umarnina. Jikar tsohon da ke riƙe da al'adun garin ce, shi ke yanka baƙar akuya a gindin dutse kafin shuka. Ta rubuta a kan karsanarsu: ja ce, da fari a goshi kamar nono a gindin ƙwarya, ƙahonta kamar jinjirin wata, tana tafiya kamar mace ta ɗauko ruwa ba ta son ya zube. Daɗi ya kama ni. Na raba zancen layi-layi, na rubuta a allo, na sa ajin duka suka riƙa rera shi kowace safiya. Ajin na zana ne, ana jin mu har bakin rijiya.

Ba a daɗe ba karsanar ta kwanta, ba ta tashi ba.

Ya kamata in faɗi cewa a lokacin bisashe na faɗuwa ko'ina. Waɗanda aka kora zuwa kasuwar Baleyara da yawa ba su isa ba. Ya kamata kuma in faɗi cewa ni ɗan Filinge ne, na san kambun baka. Uwata ba ta taɓa ɗaukar jariri ta ce yana da kyau ba, sai dai ta ce wannan mummunan na wane ne. Abin da na ɗauka, in har na yi tunani a kai, shi ne abin da aka faɗa da Faransanci ba ya kama dabba.

Tsohon ya zo bayan an tashi, ya zauna a inuwar gawon da ke farfajiya. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Ya kira ni mushe, kamar yadda ake kiran duk malamin lakwal, wato makarantar boko.

"Mushe, mi ta yi maka?"

"Wa, Baba?"

"Karsanar."

Na yi masa bayanin tsarin koyarwa da abin da hukuma ke bukata. Ya saurara har na gama, sannan ya ce in fassara masa abin da yaran ke rerawa. Na fassara. Ya ce babu ƙarya ko ɗaya a ciki, abin da ya ɓata lamarin ke nan. Ya tambaya ko mun ce tubarkalla a ƙarshe. Na ce a iya sanina babu kalmar a Faransanci.

"To su da mi su ka tsaron bisashensu?"

Na ce zan bincika.

Daga nan ajin ya fara raguwa. Waɗanda suka ci gaba da zuwa suna lissafi, suna karatu, amma da na ce a siffanta wani abu sai su sunkuyar da kai. Na ce rijiya, suka ce ita kaɗai ta rage da ruwa. Na ce gawo, suka ce 'ya'yansa awaki ke ci. Na ce sararin sama, wata ta fara kuka. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce in ina so su siffanta ni, sauran suka amince nan take. Na ce ba ya cikin tsari. Ba wai na yarda da abin ba ne, amma ban ga dalilin gwadawa ba.

Har ranar da insfekta ya zo ban sami abin da za a siffanta ba. Na shirya in ɗaga guntun alli, ko da yake shi ma shi kaɗai ya rage mini. Ya iso da hantsi a motar gwamnati, koriya, aka ajiye ta daidai ƙofar aji. Ya zauna a baya, ya cire hula, ya ce in fara. Na juya ga yaran, na ga babu mai kallona, duk motar suke kallo.

Na tambaya ko motar nan ta wani ce a garin. Suka ce ta gwamnati ce. Na ce a siffanta ta.

Ban taɓa ganin hannuwa sun tashi haka ba. Duk kalmomin da na koya musu suka fito rana ɗaya. Tana da sheƙi, tana da santsi, tana da ƙarfin raƙumi goma, muryarta kamar hadari. Yarinyar karsana, wadda tun mutuwar karsanar ba ta ƙara magana a aji ba, ita ta ba da layin ƙarshe. Ta ce tana zuwa inda babu ciyawa, ta koma ba ta rame ba. Na jera layukan a allo.

Insfekta ya miƙe ya ce bai taɓa ganin yaran ƙauye sun saki baki haka ba. Ya ce su rera masa gaba ɗaya, da ƙarfi. Na so in ce wani abu, amma ban san a ƙarƙashin wace doka zan faɗe shi ba. Suka rera, ya sa suka maimaita. Ya sa hannu, ya ce an tabbatar da ni.

Motar ta ƙi tashi.

Direban, wani Bazabarme mai gemu, ya buɗe gabanta ya ce batir ne, zafi ya yi masa yawa, kuma dama ya daɗe yana faɗa. Ina ganin gaskiya ya faɗa. Yana cikin dubawa ya tambaye ni a hankali me yaran ke ta ihu ɗazu. Na gaya masa. Ya tambaya ko an ce tubarkalla. Na ce a'a, sai ya rufe gaban motar. Yaran ne suka tura ta har gangaren bayan rijiya kafin ta kama.

Washegari ajin ya cika, har da yaran da ba a taɓa rubuta sunansu ba. Tsohon ya dawo gindin gawo da wasu dattawa. Ya ce sun yi shawara, suna so in sa yaran su yabi wannan fari da ya hana ruwa, su yabe shi sosai, kada a bar komai. Na duba tsarin karatu, na ga akwai siffanta yanayin shekara. Muka yi. Muka ce yana da haƙuri, yana da tsabta, ba ya barin taɓo, ba ya barin sauro. Muka rera har aka yi hutu.

A wannan daminar ma ruwa bai zo yadda ya kamata ba. Sai ta gaba ya sauka har ya rushe mana ajin. Ba na cewa akwai alaƙa, kuma a duk shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa faɗa wa wani insfekta labarin ba. Da na yi wa tsohon maganar jinkirin, ya ce ai fari ya fi mota girma, kuma yaran ba su gama ƙwarewa a Faransancin ba.