Babban Yatsan Mai Wanki

Jama'a, a gyara zama, a kashe waya. Yau zan gabatar muku da sarauniyar baho da igiyar shanya, wadda sabulu ke hangowa ya fara narkewa don tsoro, wato kakata mai wanki.

Da wankin kayan mutane ta reni babana, da shi ta kai ni makaranta har ranar da na tsere. Ba ta da yawan fara'a. In kana son ganin ragowar haƙoranta, tambaye ta shekarar da aka fara barin mata su yi zaɓe.

Ta ce ranar layin mata ya zagaye makaranta har bakin famfo. Ita da ƙawayenta, mai kitso da matar mai gyaran keke, suka sha sababbin zannuwa, goyo a baya, ana ta shewa. Kakana ya ce me mace ta sani game da mulki, ta ce ta dai san wanda ya bar unguwa ba ruwa. Da aka shafa mata tawada a yatsa sai ta ƙi taɓa ruwa don kada ta goge. Kayan mutane suka taru a tsakar gida, masu riguna suna ta sallama, ita kuwa tana zaune tana kallon yatsanta.

Ƙawayen duk sun rasu. Yanzu ranar zaɓe mu samari ƙwallo muke bugawa, tunda titi ba motoci.

A zaɓen da ya wuce na'urar tantance masu zaɓe ta ƙi karanta yatsanta. Sabulu ya cinye zanen, yatsa ya yi sumul kamar cikin cokali. Aka gwada duk sauran, a banza. Ta dawo gida ta juya wa bango fuska, ranar ko tsawa ba ta yi mini ba.

Bana tun zaɓe da sauran nisa ta miƙo mini sabulu.

"Ungo, malalaci. Yatsana ya tafi hutu."

"Haba tsohuwa, ni da nake da aji?"

"Ajin da ka gudo?"

Na yi wanki har hannuna ya koma na kwaɗo, ita tana gefe tana shafa wa yatsa mai kamar jariri.

Ranar zaɓe na raka ta. Layin ko inuwar bishiya bai wuce ba. Ta dube shi, ta ɗora yatsa a kan na'ura. Na'ura ta yi jim, ta yi jim, sannan ta kawo koriyar wuta. Tunda na riga na zo, ni ma na shiga layi.

A hanyar gida na ɗaga hannunta sama.

"Tsohuwa, yau kin kafa tarihi! Sai na sa duniya ta san wannan yatsa."

Ta fizge hannunta tana duba tawadar.

"Kada ka goge mini. Ka wuce gida, akwai barguna a jiƙe."