Ɗankwalin Inna a Firij

Jiya zafi ya taso mini a ofis, gumi sharkaf, sai na tuna marigayiya surukata.

Da take zaune da mu a Malali, kullum sai in tarar da jiƙaƙƙen ɗankwalinta cikin baƙar leda a firij. Na ce asiri take mini. Sau uku ina jefarwa a shara, na huɗu ta kama ni.

"'Yar nan, tunda al'ada ta ɗauke, wuta ke tashi a jikina. Shi nake ɗorawa a wuya. Ɗana zan gaya wa wannan?"

Ban yarda ba, ban kuma ba ta haƙuri ba. Yau nawa ɗankwalin yana firij. Allah Ya sanyaya makwancinki, Inna.