Farar Rigar Mariya

Jiya ina gugar rigar baftismar jikata, sai Tasawa ta faɗo mini a rai.

Shekarun gyaɗa ne, Baba na aikin awo. Aka aiko cewa Mon Père, limamin Katolika, zai zo daga Maradi jibi, ga ƙanwata Mariya ba farar riga. In ya wuce bai yi mata baftisma ba, sai baɗi.

Inna Hadiza, ungozomar unguwarmu, ta yanka sabon mayafinta ta hau ɗinki.

Mama ta ce, "Inna, na Sallarki ne fa!"

Ta ce, "A hannuna ɗiyar nan ta faɗo duniya. Ba ta zuwa gaban Allah da tsumma."

Tun da muka bar garin ban sake ganinta ba, ko kabarinta ban sani ba.

Ku wace maƙwabciya kuke kewa?