Gona guda, mutum biyu: tunawa da Ummaru

Shekara tara ke nan da aka kai ɗana Ummaru makwancinsa a Jega. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa. Ban taɓa yabonsa a gabansa ba, kuma ba yabo ne ya kawo ni ba. Ana shirin taɓa aikinsa ne.

Jihar Kebbi ba ta daɗe da tsayawa da ƙafarta ba sa'ad da wata ƙungiyar manoma ta Jega da Aliero da Maiyama ta ba shi aikin zuba gonaki da masu su cikin kwamfuta. Wanda sunansa ya fito shi ke samun taki, kuma ranar rigima sunan ake dubawa. Ummaru ya nuna mini yadda abin yake. A fuskar na'ura mutum na nan da gonarsa, amma a rumbun ajiya sai an yanka komai gida-gida kamar fangalin albasa. Tebur suke kiransa: ɗaya na mutane, ɗaya na gonaki, kowace gona da gurbin suna guda.

To, fadamarmu ta Kimba ba haka take ba. Tun rasuwar mahaifinsa, da damina baffansa Malam Garba ke shuka shinkafa, ruwa na janyewa ni ke dasa albasa. Haka mata da yawa ke ci har Dangamaji. Suna guda, ke nan ɗayanmu ya ɓace.

Malam Garba ya zo ya tsaya bakin zaure, ko zama bai yi ba.

"Kai Ummaru, sunan wa kas sa?"

"Baffa, ban sa ba tukuna."

"Gonar ubana ce. Mi kake jira?"

Bayan ya tafi na ce, "Kada ka sa ni don ni na haife ka. Kada kuma ka cire ni don tsoron baffanka."

"Inna, ai kin rufe mini ƙofa duka biyu."

"Sai ka fasa ƙofa ta uku."

Ni faɗa na yi, shi aiki ya ɗauka. Ya warware abin da ya kusa gamawa, ya ƙara tebur na uku a tsakani: wane, gona kaza, rani ko damina. Rabon taki ya yi latti, shugabanni suka fusata, ba su sake ba shi aiki ba. Malam Garba ya daina cin tuwon gidana.

Bana an kawo sabuwar manhaja ta waya. Masu ita sun ce teburin tsakiya na ja musu nauyi, kowace gona ta kawo suna ɗaya kafin dashe. Da Ummaru na raye, na san ba zai ɗaga murya ba, zai tambaye su ne ko sun taɓa ganin fadama da rani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ga shi 'ya'yan wasu gidaje sun fara kallon juna.

Me ya rage na ɗana? Kwamfutarsa ta mutu, aikinsa na iya bin ta. Amma shekaranjiya Malam Garba ya shigo yana dogara sanda, ya zauna.

"Hajiya, sunan wa za mu kai musu?"

"Kai kas sani, Malam."

Ya dafa sandarsa ya miƙe. "Ɗauko mayafinki. In gurbi guda gare su, su dube mu mu biyu su faɗi wanda ba shi nan."