Shekarar da Aka Tsallake da Ɗan Farina

A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yabonsa, ba ta sa baki a maganarsa gaban mutane. Nawa tun yaye yana Gwandu wurin kakarsa, uwar maigidana, mu kuwa muna Kalgo. A can aka sa shi elemantare.

Da ya gama aji biyu, malaminsu ya ce kansa na ja, a tsallake da shi zuwa aji huɗu don ya sami jarrabawar shiga Midil da wuri. Maigida ya dawo da labarin yana ta murna. Ni dai na ci gaba da tankaɗe, kamar ba ɗana ake zance ba.

Bayan an gama girbi na tafi Gwandu suna. Na tarar yaron ya rame, duk wuya ya fito. Da hantsi na zaga bayan rumbu ɗebo kara, sai ga shi durƙushe da allon makaranta, ya tara tsakuwa yana raba ta kashi-kashi. Ya rubuta, ya goge, ya sake tarawa, hawaye na ɗiga kan allon. Da ya gan ni ya tura tsakuwar ƙarƙashin rumbu da ƙafa. Na ɗebi karana na wuce. Ƙanwar ubansa ce ta gaya mini lissafin rabawa a aji uku ake koyar da shi, ajin da bai zauna ba, shi ya sa kullum sai ya sha bulala.

Karatuna bai wuce na allo ba, amma ban taɓa ganin an wanke wa yaro allo bai iya biyawa ba.

Na bi ta hannun kakarsa. "Inna, yaron nan kamar ajin ya yi mai nauyi."

Ta yi dariya. "Wa, angona? Raggo dai! Mai shanye min hura, lissahi ka kada shi? Ke ina ruwanki ma?"

Ranar sunan, maigida da malamin yaron suna zaune a zaure cikin mutane. Na kai akushi bakin ƙofa. Maimakon in juya, sai na ji bakina ya ce, "Malam, don Allah a mai da ɗana aji ukku."

Ɗana. Ban taɓa faɗa a fili ba. Maigida ya ce, "Koma ciki." A tsakar gida wata gwaggo ta tafa hannu. "Yau mun ga abu! Sai ki goya shi ki kai shi ajin da kanki."

An mai da shi aji uku. Bulala ta ragu, ya yi kumari. Amma yara suka riƙa yi masa waƙar wanda uwatai ta jawo baya, kuma ya san wadda ta jawo shi.

Zuwana na gaba na kai masa ƙuli-ƙuli da na yi da hannuna. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar baƙuwa, ya karɓi ƙullin, ya ajiye gaban kakarsa, ya fita.