Jan Ƙyallen Kobad Majhi

A shekarun da nake ba da labari, jiragen kaya goma sha ɗaya ne ke tsayawa a kwatarmu ta Nolkhali, kuma babu biyu da suka yi kama da juna. Kogin Meghna bai damu da wannan ba, yadda yake ɗaukar mai ado haka yake ɗaukar mummuna. Masu jiragen ne suka damu. Tofazzal ya kafa wa goshin nasa idanu biyu na tagulla, kullum yana goge su da toka da lemun tsami. Sekandar ya sa kafinta ya lanƙwasa bayan nasa sama kamar wutsiyar kunama, ya jera masa kusoshi masu ƙyalli tun daga goshi. Kowannensu zai rantse maka cewa daga Chandpur har Bhairab babu ɗan dakon da ba zai gane jirginsa daga nesa ba. A rumfar shayin Horipodo ake wannan shari'a kowace safiya, kuma ba a taɓa yanke ta ba.

Wanda ya fi kowa baki a rumfar shi ne Kobad Majhi, wato Kobad mai jirgi. Gajere ne mai faɗin ƙirji, igiya ta cinye masa tafin hannu har ya koma kamar ƙirgi. Jirginsa na gado ne, tsoho, yana ɗaukar rama da tukwane da shinkafa. Zanen jirgin, wanda ake ɗagawa a kan doguwar gora iska ta tura, launin ƙasa ne kamar na kowa, domin duk a ruwan ɗanyun 'ya'yan itacen gab muke rina su don kada damina ta ruɓar da su. Amma can sama, a kusurwar dama, Kobad ya ɗinka wani jan ƙyalle mai girman ƙofar ɗaki. Idan jirgin ya ɓullo daga kwanar kogi da hantsi, sai ka ce garwashi ne ke tafiya a kan ruwa.

"Ku dai ku yi ta goge tagulla," haka yake cewa, yana hura shayi. "Wa zai ga idon Tofazzal sai wanda ya zo ya durƙusa a gabansa? Ni tun ina bayan tsibiri an san na iso."

"Tsumma ne fa, Yaya Kobad," in ji Sekandar. "Zanenka ya yage, ka rasa na faci, shi ne kake kiransa fasaha."

"To, kai ma ka yaga naka mu gani, mai wutsiya!"

Mun ɗauka alfahari ne kawai. Sai daga baya muka san abin da ke ƙarƙashin ƙyallen.

Matar Kobad, Jamiron, yanar ido ta fara rufe mata gani. A hankali abin ya zo, kamar hazon safiya da ya ƙi tashi. Ta ɓoye wa kowa ban da mijinta, kuma ta sa ya rantse ba zai faɗa ba. 'Yarsu ɗaya ce, Shefali, tana aure a Bhairab da ƙananan yara, Jamiron kuwa ta san da zarar labari ya fita, za a ɗauko yarinyar daga gidanta a ce ta zo ta yi jinyar uwa. Don haka ta haddace gidanta da ƙafa da hannu. Ta san inda tulu yake, ta san tudun da ke hanyar kwata, tana gane maƙwabta da murya kafin su yi sallama. Abu ɗaya ne ya gagare ta.

A gaɓarmu, idan jirgi ya dawo daga doguwar tafiya, matar mai jirgin ce ke saukowa da butar tagulla, ta zuba ruwa mai tsabta a goshin jirgin, ta shafe shi da bakin sarinta, wato doguwar tufar da matanmu ke naɗawa a jiki, sannan a fara sauke kaya. Goshin jirgi wuri ne mai daraja, ba a taka shi, ba a zama a kai. Kuma mace ba ta wanke goshin jirgin da ba na mijinta ba. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan, ba wanda ya taɓa karya shi. Jamiron ta shekara ashirin da wani abu tana wannan sauka. Da idon ya yi rauni, jiragen duk suka koma mata inuwa iri ɗaya. Wata rana, tana shanya barkono a tsakar gida, ta ce wa mijinta:

"Baban Shefali, komai ya tafi, amma ja yana nan. Barkonon nan ina ganinsa."

Ita da kanta ta ciro jan sarin aurenta daga akwati, ta auna da kamu, ta yanka. Shi ya ɗinka. Tun daga lokacin, idan ranar dawowarsa ta yi, sai ta zauna a gindin bishiyar da ke kan tudu, fuskarta ga kwanar kogi. Da ta hango ja sai ta ɗora shinkafa, ta ɗauki buta, ta sauko kamar kowace mace, ta nufi inda jan ya tsaya. Surutun da Kobad ke yi a rumfa shi ne murfin wannan sirri. Ina jin kuma, a hankali, shi ma ya fara jin daɗin surutun.

Shekara biyu aka yi a haka. Matsalar ita ce ƙyallen ya yi suna. 'Yan kasuwar Chandpur suka daina cewa Kobad, sai "mai jan ƙyalle", kuma shi suke tambaya. Wannan ya tsaya wa Sekandar a wuya. Ya tafi Narayanganj ya sayo sabon jan yadi, ya ɗinka a tasa kusurwar dama, ninki biyu na na Kobad.

Ranar da Kobad ya gani, kofin shayi ya faɗi daga hannunsa.

"Cire shi, Sekandar."

"A'a'a! Ja gadon gidanku ne? Ko kai ka rina faɗuwar rana?"

"Ka sa shuɗi, ka sa kore, ka sa duk abin da kake so. Ni zan ɗinka maka da hannuna. Amma ka cire ja."

"Ku ji fa," Sekandar ya juya wajen jama'a. "Jiya fasaha ce, yau da ya ga wadda ta fi tasa, ya koma tela."

Aka kwashe da dariya. Kobad ya tashi, jijiyar wuyansa ta miƙe, bakinsa yana motsi. Na ɗauka zai kai duka. Sai ya saɓa ƙyallen kafaɗarsa ya fita. Horipodo ya bi shi da kallo ya ce, "Mutum da girmansa, a kan tsumma."

A gida ya gaya wa Jamiron. Ya ce daga yau ta zauna har sai ta ji muryarsa daga kwata.

"In na jira sai ka kira ni, wace mace ce ba za ta gane ba?" in ji ta. "Kowacce tana tsaye a bakin ruwa kafin a jefa igiya, ni kaɗai zan zo a baya kamar baƙuwa? Ka ce nasa babba ne, naka ƙarami. Zan bambance."

Bayan kwana huɗu Kobad ya ɗauki tukwane zuwa Bhairab, ya ce Talata zai dawo. Iska ta juya masa a hanya, ya makara da kwana ɗaya. Sekandar kuwa, da ya taso daga kudu, iskar nan ita ta koro shi gida, ya ɓullo kwanar kogi ranar Talata da azahar, bayan an ɗauke ruwan sama.

Ina kwata a ranar. Na ga Jamiron ta sauko da buta a ƙugu, tana takawa cikin laka ba gargada, har ta wuce matan da ke wanki. Ta isa gaban jirgin Sekandar, ta ɗaga buta, ta zuba ruwa a goshinsa.

"Ka daɗe, Baban Shefali," ta ce, da muryar da mace ke yi wa mijinta kaɗai. "Kifin da kake so na samo."

Ta kama bakin sarinta ta shafa. A nan hannunta ya faɗa mata abin da idonta ya kasa. Goshin jirgin Kobad sumul yake, da ɗan tsagi a gefe inda wani jirgi ya taɓa gogarsa. Yatsunta suka bi kusoshin Sekandar ɗaya bayan ɗaya, suka tsaya. Butar ta suɓuce cikin ruwa.

Sekandar yana tsaye a kan kaya da igiya a hannu, baki buɗe. Matarsa tana bayan Jamiron da tata butar cike. Wani daga cikin masu dako ya yi dariya, wani ya taya shi. Jamiron ta ja sari ta rufe kai, ta juya ta hau tudu, sau biyu tana tuntuɓe a hanyar da ba ta taɓa tuntuɓe ba.

Kafin la'asar maganar ta zaga gari. Masu sauƙin baki suka ce ta taɓu. Sauran suka faɗi abin da ba zan maimaita ba.

Laraba Kobad ya iso. Jansa ya ɓullo, ya matso, aka jefa igiya, ba wadda ta sauko. Ya tsaya yana kallon busasshen goshin jirginsa, masu dako suna kallon ƙasa. Bai bari a taɓa kaya ba, ya haura gida. Ya same ta a cikin ɗaki, murhu a mace. Ita ta ba shi labari da bakinta, ba ta rage komai ba. Sannan ta ce:

"Na sake ka daga rantsuwar. Je ka faɗa musu. Gara su ce makauniya."

"Shefali fa?"

"In ta zo zan kore ta. Ido na rasa, ba baki ba."

Washegari da safe rumfar Horipodo ta cika fiye da kullum. Kobad ya shigo bai zauna ba. Ya tsaya a tsakiya, yana murza ƙyallen kafaɗarsa.

"Tofazzal, idanun jirginka sun fi ƙyallena kyau," ya ce. "Sekandar, wutsiyarka aikin gwani ce, tun ranar da na gan ta na sani. Ni ban san fasaha ba. Duk abin da na faɗa muku a nan shekara biyu, cika baki ne. Maman Shefali ba ta gani. Ja kawai ya rage mata. Ƙyallen nan sarin aurenta ne, na ɗinka don ta san jirgin da za ta wanke. Shekaranjiya ja ta bi. Wanda ke da wata magana a kanta, ga ni."

Sekandar ya daɗe yana juya ganyen pan, abin taunawarmu, a baki, sannan ya tofar.

"Shekara biyu kana cika mana kunne," ya ce, "ashe ko launin ma ba kai ka zaɓa ba. Matar Yaya ce mai ido a gidanku."

Wani ya yi dariya, amma wata irin dariya ce daban.

"Dama yadin nan na Narayanganj zuba yake yi," Sekandar ya ci gaba, bai kalli kowa ba. "Ruwa ɗaya ya taɓa shi ya ɓata mini zane. Ja launin marasa dabara ne. Horipodo, ba wa tela shayi, ya tsaya mana a ka kamar gora."

Yadin ba ya zuba, duk mun sani. Da hantsi muka ga Sekandar ya sauke zanen jirginsa, ya farke jan da wuƙa, ya tsoma shi a kaskon ruwan gab har ya koma launin ƙasa. Matarsa ce ta tsamo butar Jamiron daga laka, ta goge ta da toka, ta kai mata har gida. Tofazzal yana da wata jar fulawa da aka zana a gefen jirginsa, ba wanda ya ce masa komai, ya shafe ta da kore. Ranar Jamiron ta sauko ta wanke goshin jirgin mijinta, a makare da kwana ɗaya, sannan aka sauke kaya.

Shefali ta zo, kamar yadda aka yi tsoro. Ta yi mako guda, uwar ta haɗa mata kaya ta sa ta a jirgi.

Gasar ba ta mutu ba. Sekandar ya ɗinka tauraro rawaya mai ƙafa bakwai, ya ce ba a taɓa ganin irinsa ba tun da aka halicci kogi. Tofazzal ya ƙara ido na uku. Kobad ya koma rumfa, yana zagin tauraron kamar da. Amma daga kwanar kogi zuwa kwatarmu, ja na mutum ɗaya ne, har baƙon jirgi in ya zo da shi, sai an aika a ce ya naɗe kafin ya matso.

Bayan wasu shekaru aka fara ɗaura wa jirage injin ban ruwa don ya tura su, gorori suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya, zannuwa suka koma rufin kaya. Kobad ma ya sa inji, domin 'yan kasuwa sun daina jiran iska. Gorarsa dai bai cire ba. Duk dawowa, da ya kawo kwanar kogi, sai ya kashe injin, ya ja igiya, tsohon zanen ya hau sama da ƙyallensa da rana ta fara cinyewa. Wani lokaci iskar gaba ce, jirgin ya riƙa ja da baya, fasinjoji suna ƙorafi. Ba ya kula su. Yana riƙe da igiyar har sai ya hango mace ta miƙe daga gindin bishiya, da buta a ƙugu.